Aci-balbal a Ilupeju

Waya aka kira ni in ja, ba labari ba.
Bene mai hawa uku a Ilupeju,
ƙwan lantarki ɗari shida, ja da kore da ruwan ɗorawa.
Ni da yarona Bolaji, tun hantsi
muna manne a bango kamar ƙadangaru.

A ƙasa gidan ya tashi tsaye.
An fitar da kujeru, an wanke har bayan firji,
an kori gizo-gizo daga gadon kakanninsa.
Na ce, wa ake jira haka?
Tsohuwar gidan, Mama Lajwanti, ta ce baƙuwa.
A wurinsu arziki mace ce mai ƙyanƙyami,
ba ta taka ƙofar da ba a share ba.

Jikanyarta na durƙushe a bakin ƙofa,
garin shinkafa tsakanin yatsu biyu,
fure na tsirowa daga siminti.
Bolaji ya sauko da baya, ya taka rabinsa.
Yarinyar ba ta ko ɗaga kai ba. Ta hure, ta sake zubawa.
Ai gobe ma sharewa za a yi, in ji ta.

Na yi magariba a kan kwali, bayan janareto.
Da na sallame na danna makunni,
gida ya kama da haske har masu okada na waiwaye.
Minti bakwai. Na ƙirga.
Sai NEPA ta yi halinta,
janareto ya yi tari biyu, ya ce ga garinku nan.

Daren Diwali ba wata a sama.
Da gangan suka zaɓe shi, wai sai duhu ya cika
ake sanin abin da fitila ta iya.
Ina laluben sukundireba, kunya na cin wuyana,
sai ga tsohuwa da faranti:
'yan kasake na yumɓu, kowanne bai fi tafin jariri ba,
mai kaɗan, auduga murɗaɗɗiya.
Aci-balbal!
Irin wadda Inna ke ajiyewa gefen tiren ƙuli-ƙuli
a kasuwar dare ta Ringim.

Ɗaya ta kunna, ɗayar ta kunna saura.
Suka jera a matakala, a taga, a kan katanga,
har bakin kwata an ba shi tasa.
Da Turancin kasuwa ta ba ni labarin:
wani ɗan sarki aka tura daji shekara sha huɗu,
ran da zai dawo dare ya yi baƙi ƙirin,
mutanen garinsa suka fito da fitilu
don kada ya ɓata a hanyar gidan ubansa.
Tun ran nan muke kunnawa, in ji ta,
ko'ina akwai wanda bai dawo ba tukuna.

Na yi shiru ina lissafi da yatsu.
Tawa sha ɗaya ce a Ikko,
kuma ba wanda ya kore ni.

Yara suka fara harba tartsatsi sama,
karnukan unguwa na ta rantsuwa.
Ɗanta ya buɗe sabon littafin ciniki, fari fat,
ya biya ni cif, har da ƙwayayen da ba su kama ba.
Daren nan ba a kwana da bashi.
Aka ba mu alewa dunƙule-dunƙule kamar fura,
Bolaji ya ci huɗu kafin mu kai titi.

A cikin danfo, hanyar Agege,
kasko ɗaya a aljihuna, mai na ɗiga a wando,
na kira lambar da na daɗe ina tsallakewa.
Inna, akwai wuta a gida?
Ta yi dariya, haƙoranta sun ragu, na ji a muryar.
Wace wuta, Sallau?
Aci-balbal dai tana nan a zaure.
Ba na kashe ta sai na ji an rufe tasha.